Daren da Muka Kashe Tsohuwa

A ƙarƙashin ofishinmu na Valparaíso,
inda gishirin teku ke cin ƙarfen taga,
akwai wata saba da muke kira Tsohuwa.
Shekara goma sha bakwai tana gurnani.
Duk takardar jirgi, duk kwantenar inabi da tagulla,
sai ta ratsa cikinta kafin ta ga ruwa.

Ba tamu ba ce, haya muke.
Kowace Janairu wasiƙa kan zo daga masu ita,
kuɗin lasisi, sifili a jere kamar ƙwan kifi.
In ka sauya waƙafi ɗaya a shafin kwastan
dole ka tashe ta daga farko,
ka hau tudu, ka sha shayi, ka gangaro,
ka tarar tana miƙa.

Maite Quilodrán ce ta fara cewa ya isa.
Ta ce kayan aro ba ya rufe katara.
Ga manhajoji can a buɗe, ba kwado ba mabuɗi:
wannan ta karɓi baƙo a ƙofa,
wannan ta riƙe rumbun bayanai,
wata 'yar ƙarama ta jera saƙonni a layi.
Mu ɗinka su da hannunmu.

Eliodoro ya cire tabarau, ya goge da gefen riga.
Shi ya raini Tsohuwa tun tana cikin kwali.
Ya ce, araha ba ta ado, yarinya.
In ta tsaya ƙarfe uku na dare,
jirage shida na jira a bakin gaɓa,
lambar wa za ki kira?

Ba ta amsa ba. Ni ma ban amsa ba.

Wata takwas muna kwashe kaya ɗaki-ɗaki,
kamar masu ƙaura da ba su da mota.
Muka tarar da dokokin da ba wanda ya tuna dalilinsu,
da sunan wani akawu da ya rasu
har yanzu yana sa hannu a kan rasit.

Ta kuwa tsaya. Daren Laraba, ana ruwa.
Sabon gininmu ya haɗiye awa guda
saboda agogon ƙasar ya ja baya.
Ba lambar kira.
Maite ta buɗe cikin manhajar kamar mai feɗe kifi,
layi bayan layi, duk a fili.
Eliodoro na tsaye a bayanta da rigar barci ƙarƙashin kwat,
ya sa yatsa a allo: nan.
Na taɓa ganin irinsa, amma a wancan lokacin
an hana ni taɓawa.

Layi huɗu suka gyara.
Da asuba ta aika gyaran ga masu kula da ita,
mutanen da ba mu san fuskarsu ba.
Wani daga Tampere ya rubuto: mun karɓa, an gode.
Shi ke nan.

Ran Juma'a muka sauka ƙasa mu uku.
Shi ya danna maɓallin.
Fankokin suka lafa ɗaya bayan ɗaya
har muka ji kukan tsuntsayen teku ta bango,
ashe kullum suna nan.

Abu ɗaya yake ƙorafi a kai har yau:
a kan murfinta yake ɗora burodinsa mai nama tun safe,
zafinta ya riƙe masa shi har azahar.
Yanzu da sanyi yake ci.