Saura Dala

Motar albasa ta dawo Tawa ranar Lahadi,
direba ya miƙo mini takarda, duk ta sha gumi:
720.720.
Jika ɗari bakwai da ashirin,
da dala ɗari da arba'in da huɗu a kai.

Ni ke riƙe wa ƙungiya alƙalami.
Kuɗin ba nawa ba ne. Lambar dai tawa ce har gari ya waye.

Na zauna da ita a zaure, ƙarƙashin fitila,
na yi mata irin kallon da Mushe Tankari ya koya mana a lakwal:
kafin ka raba lamba, tambayi asalinta.

Cika ce, ba mara ba, wutsiyarta ta nuna.
Na haɗa haruffanta, sha takwas: ashe da tara a jininta.
Na ɓare ta kamar albasa, ɓawo bayan ɓawo:
biyu sau huɗu, uku sau biyu,
biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku,
waɗannan ba sa ɓaruwa, nan wuƙa ta tsaya.

Ƙofa ɗari biyu da arba'in gare ta,
ta kowacce ka shiga, ka fita ba ragowa.
Tara duk masu raba ta, ban da ita kanta,
sun ninka ta uku da rabi.
Wadatacciya ke nan, in ji Mushe,
gidan da 'ya'ya suka fi uwa dukiya.

Mutum biyu su zo, ta rabu.
Bakwai su zo, ta rabu.
Sha ɗaya, sha uku, masu taurin kai,
duk ta san bakin zarensu.
Mu sha shida ne a littafi:
45.045 kowa, ko ƙura ba ta saura.
Na kwanta ina murmushi.

Da hantsi muka taru gindin dogon yaro.
Abarshi ya riga ya sayi taki a zuci,
Dille na lissafin injin ban ruwa.
Sai ga Habsu da galan a hannu.
Ba ta cikin littafi.
Amma watan da injin ya mutu,
wa ya kwana yana jan guga a rijiya ta uku?

Aka yi tsit. Gado ya ce, sa ta.

Sha bakwai.
Lambar da ta yi wa kowa na'am tun daga ɗaya
a nan ta noƙe kafaɗa.
Na yi a takarda, na sake a ƙasa da tsinke:
42.395, saura biyar.

Dala ɗaya.
Ba ta sayen ko ƙullin gishiri a kasuwar Tawa.
Habsu ta ɗauka, ta juya ta, ta ajiye bisa tabarma.
Kowa ya ƙirga nasa sau biyu, ya tashi.

Tana cikin gwangwanin alƙalumana har yau.
In na girgiza, ita kaɗai ke amsawa.