Fensirin Ma'aji

Na daina rubutu da biro a littafin asusu.
Shekara biyu ke nan fensir nake riƙewa,
da magogi a aljihu, ya cinye rabi.

Mu goma sha bakwai ne a tashar Tawa,
masu motocin albasa, 'yan hanyar Ƙonni.
Da can, in mota ta faɗi, jika ɗari biyar ne namu,
abin da ya haura, kamfanin inshora na Yamai ya ɗauka.
Kuɗin da nake warewa don ɓarnar da ba a gama biya ba
kamar awon gero ne da tiya:
in na kuskure, 'yan ƙwayoyi ne a ƙasa,
kaji su tsince, kowa ya yi barci.

Sai Abarshi ya miƙe ran taron bayan salla,
ya gyara hula, ya ce:
"Don me muke kiwon saniya a nan, ana tatsa a Yamai?
Mu riƙe miliyan biyar a wuyanmu,
abin da muke zuba musu ya ragu."
Bai yi ƙarya ba, ya ragu.
Ni ma na ɗaga hannu, ba zan ɓoye ba.

Shekarar farko Allah ya rufa asiri:
gilashi biyu, taya guda, jakin wani a Tsarnawa.
Asusu ya yi ƙiba, aka yanka rago,
aka ce Abarshi ya hango abin da tsofaffi ba su gani ba.

Sannan motar Nomau ta kife a gangaren Badagishiri.
Buhu ɗari uku a kan kwalta,
wari ya yi mako bai tashi ba.
Albasa na san kuɗinta.
Ƙarfe na san kuɗinsa.
Amma ƙafar Ɗan Jimma, yaron mota,
wa ya san kuɗin ƙafa?
Likita ya ce wata biyu, na rubuta miliyan ɗaya.
Ƙashi ya ƙi haɗuwa, na goge, na sa uku.
Dangi suka kai ƙara, na goge,
na sa biyar, iyakar abin da muka ɗaukar wa kanmu.
Jiya aka ce ya taka ƙasa, da sanda.
Hannuna ya riga ni zuwa aljihu,
sai kunya ta kama ni:
don yaron nake murna, ko don lissafi?

Cima ta tambaye ni da dare, tana kwashe tuwo:
"To, riba kuka ci ko faɗuwa?"
Na ce in an haɗa shekara goma an raba,
wataƙila mu tashi daidai, har da ɗan canji.
Ta ce, "Tabkin Babaye ma, in ka haɗa zurfinsa ka raba,
iya gwiwa ne.
Rami guda ke cin mutum."
Ban amsa ba, na sa hannu a akushi.

Asara dai tana nan yadda take tun kakanni.
Abin da muka sayo da rangwamen nan
shi ne rashin sanin gobe,
lamba mai numfashi, ta kumbura da safe, ta saɓe da yamma,
ga shari'a biyu ban ma ji ƙarshensu ba.

Gobe taro.
Zan ce mu sauko zuwa miliyan biyu.
Abarshi zai ce, "Ma'aji, ba mu lamba ɗaya tak,
nawa muka ajiye, nawa ake bin mu?"
Zan ba shi biyu, ƙarama da babba,
tsakaninsu tafiyar yini ce a mota mai lodi.
In ya ce tsoro ne, zan buɗe shafi na arba'in,
in ɗaga shi saitin taga.
Inda sunan Ɗan Jimma yake,
takarda ta sha guga har rana na ratsawa.