Biyar ga Wata

A Iloilo, bakin kogi inda ake gyaran jiragen ruwa,
babana Dionisio Magbanua ke walda.
Yakan dawo da warin ƙarfe a jikinsa,
rigarsa duk ƙananan ɓuli
inda tartsatsi ya sauka ya huta.

Biyar ga kowane wata
sai ga Manang Consuelo da lemarta mai karyayyen haƙarƙari.
Ta zauna kan benci, ta lashi yatsa, ta buɗe littafi.
Peso ɗari takwas da arba'in, kuɗin inshora.
Baba ya ƙirga sau biyu.
Mama ta shige kicin tana buga tukunya
kamar tukunyar ce ta ci mata bashi.

"Kuɗin kifin mako biyu ke nan," in ji Perlita, uwata.
"Ɗiban ruwa kake da kwando.
Biyan mutane kake su zauna jiran mutuwarka."
Shi dai ya ninka rasiɗin gida huɗu,
ya jefa a gwangwanin biskit saman kabad,
ya ce ba a fafe gora ranar tafiya,
ya fita ban ruwan zakaransa.

Shekarar da guguwar teku ta yaye mana rufi
muna kwana muna ƙirga taurari daga kan gado.
Wata biyu bai biya ba.
A na uku ya saɓi zakaran,
ja ne, mai wuya kamar an zuba masa zinari,
ya dawo hannu rabbana.
Mun ɗauka kwano zai sayo.
Consuelo ya nema har gida.
Kwana tara Mama ba ta yi masa magana ba.

Bai mutu ba.
Abin da ba wanda ya lissafa ke nan.
Yana da hamsin da biyu hasken walda ya karɓi bashinsa:
idon hagu ya fara dushewa,
na dama ya bi sawu kafin Kirsimeti.

Kada in yi wa kamfanin ado.
Wata biyar suka yi suna juya mu,
kawo takardar likita, kawo hatimi, dawo Litinin.
Mama ce ta sauko da gwangwanin,
ta zazzage shekara goma sha tara kan teburin manaja,
rasiɗi ɗari biyu da ashirin da takwas,
wasu sun sha ruwa har tawada ta zama inuwa.
Ta ce, "Ƙirga."

Kuɗin ba su kai yadda na zata ba.
Tsadar shinkafa ta riga ta gutsire musu gefe.
Amma ba a sayar da gidan ba.
Ƙanena Renato bai bar aji ya koma dakon ƙanƙara a tashar kifi ba.
Ni na ƙarasa shekara ta uku a makarantar jinya.
Ido kuwa, ba kamfanin da ke biyansa.

Har yau Mama ba ta ce ya yi gaskiya ba.
Takan dai goge ƙurar gwangwanin ran Asabar.

Jiya na zauna gaban wani yaro mai laktaye,
sanyin ofis na cizon yatsuna.
Tsawonki? Nauyinki? Kina shan taba?
Ya ce asusun ajiya don ranar da na sani ne,
wannan don ranar da ba ta aiko da sallama.
Na ce na ji, an riga an karanta mini a gida.
Sai layin ƙarshe: wa zai karɓa?
Na daɗe alƙalami na rataye a iska.
Na rubuta sunan 'yata, Luningning,
wadda ko haƙoran gaba ba su gama fito mata ba.

Da yamma na sami Baba a baranda, rediyo a cinya.
"Marites, yau nawa ga wata?"
Na ce biyar.
Hannunsa ya tafi aljihun riga da kansa,
ya laluba, ya tsaya,
sai ya yi dariya ya ce in ɗora ruwan kofi.