Mai Kan Guduma

Shekara goma sha ɗaya ina ƙwallon lambu da siririyar sanda,
mai kai kamar askar wanzami.
Da ita na ci kofi ɗaya, ƙarami,
yana nan bisa firji, jikata na tara maɓallai a ciki.
Bana hannuna ya fara gardama.
Taku uku tsakanina da rami,
sai yatsu su kama wata rawa da ban kaɗa musu ba,
ƙwallo ta bi gefe ta wuce
kamar wanda nake bi bashi ya hango ni a Kwari.

Sallau, mai ɗaukar mini jaka,
da ya san kowane tudu na filin nan
tun yana tsintar ƙwallo a gindin darbejiya,
ran Asabar ya zo da sanduna uku cikin buhun shinkafa,
gwanjo, daga wani shago a Sabon Gari.
Duk masu kan guduma:
ɗaya rabin faranti,
ɗaya mai haƙora biyu ta baya,
ɗaya baƙa, da farin layi a gadon bayanta.

Na ce, "Wannan ai kayan tsofaffi ne."
Ya ce, "Ranka ya daɗe."
Bai ƙara ba.

Ya hana ni zaɓe da ido.
Ya tsuguna a bayana, ya ce in buga goma.
Hannuna yake kallo, ko rami bai duba ba.
"Wasu, bugunsu ƙyaure ne,
ya buɗe, ya zagayo, ya rufe.
Naka aljihun tebur ne, Alhaji,
ya fito miƙe, ya koma miƙe.
Tun can haka kake.
Shekarun nan duka da sandar wani kake kokawa."

Sai ya ɗora kowacce bisa yatsa kamar sikeli.
Ta farko ta sunkuyar da hanci. Ta masu ƙyaure ce.
Mai haƙora ta yi mini tsawo, har kafaɗa ta ɗage.
Baƙar ta kwanta, fuskarta sama,
tana kallon sarari kamar manomi a ƙarshen bazara.
Ya ce, "Wannan."

Na ɗauka. Nauyinta ya hau har gwiwar hannu,
sai ga rumfar mahaifina a Ƙofar Mata:
gungumen icce, shuni a farce,
shi da abokin bugunsa,
wannan na ɗagawa, wancan na saukewa.
Ina ɗan shekara tara ya miƙo mini guduma,
na rafka da ƙarfina duka,
na kusa huda rawanin mutane.
Ya riƙe wuyan hannuna, ya ce,
"Ba kai ke bugu ba.
Ɗaga ta kawai, ta san hanyar gida."

Na gudu daga rumfar nan zuwa boko,
zuwa banki, zuwa kwat da laktaye,
zuwa filin da ake yi wa ciyawa aski.
Ashe guduma na biye da ni a ƙasa,
ba ta sauri,
shekara hamsin da huɗu.

Na saita farin layi da rami.
Yatsu suka soma rawarsu,
kan sanda bai tanka musu ba,
mai nauyi ba ya jin tsegumi.
Ƙwallo ta tafi miƙe, ta tafi,
ta isa leɓen rami, ta leƙa,
ta fasa.

Sallau ya ce, "Sanda ta yi nata."

Muka zauna ciniki a inuwa,
albarka, ƙara dai, albarka,
har kiran la'asar ya raba mu.
Siririyar kuwa na bar masa.
Hannunsa ƙyaure ne.
Na sha ganinsa da sassafe yana gwada ta a ɓoye,
ban taɓa ce masa na gani ba.