Goyon Sunaye

Ba na sa ta a jakar da aka ɗinka mata,
mai baƙin zif da tambari a goshi.
Waccan jaka shela take yi a tasha:
ga ni nan, wa zai ɗauka?
A tsohon zanen Inno nake naɗe ta,
in cusa a buhun da ya taɓa cin gero,
sai ka ce tsarabar ƙauye zan kai.

Direba ya ce, "Malama, kawo kayanga a sa baya."
Na ce a'a, cinyata ta saba.
Daga Sakkwato har Achida
tana jikina kamar jinjiri mai zazzaɓi,
rana na dukan gilashi,
ina kare ta da gefen mayafi.
Zafin garin nan ba ya tambayar kuɗin abu
kafin ya dafa shi.

Mutum dubu da ɗari huɗu da tara ke cikinta,
manoman albasa na fadamar Wurno,
kowa da faɗin gonarsa, da lambar wayarsa,
da buhun takin da ya ci bashi,
da wanda ya biya, da wanda ya ce sai an cire albasa.
Akwai wanda ko ɗansa bai san bashinsa ba.
Ni na sani, kwamfutar ta sani.
Shi ya sa ko alwala zan tashi
sai na kulle mata baki.

Kalmar sirrin ba sunan ɗana ba ce,
ba shekarar haihuwata ba.
Waɗannan ko mai shayin ƙofar ofis ya san su.
Wani zagi ne kakata ta yi wa akuya
ran da ta cinye mata shanya,
na tsarma lambobi a tsakiya.
Duk sanda na buga, sai na ji muryarta.

A rumfar caji Labbo ya miƙo filashinsa:
"Anti, ɗan tura min waƙa, minti guda."
Na ce, Labbo, abin nan naka
rami nawa ya shiga tun safe?
Ba na shan ruwa da moɗar da ta zaga kasuwa.
Ya yi fushi. Ya huce da la'asar.

Kowane dare kafin in sa hannu a tuwo
sai na yi kwafi biyu:
ɗaya a ɗan filashin da na rataya a wuya,
shi ma da nasa makullin,
ɗaya can inda suke kira gajimare.
Gajimare! A ƙasar da ake wata bakwai
ana leƙen sama ba a ga ko ƙyalle ba.
Sai na hau tudun bayan makaranta,
in ɗaga waya, ina lallashin sabis,
sauro na karɓar nasa harajin.

Ran Laraba a mashigin Rima
wani rago ya zabura cikin kwalekwale.
Jirgi ya karkata, ya dawo.
Ba wanda ya faɗa, alhamdu lillahi,
amma buhuna ya sha ya ƙoshi.
Na shanya ta, na jira, na danna.
Shiru.
Ko ga mai gyara ban bar ta da cikinta ba,
sai da ya ciro faifan ya damƙa min a hannu.

Labari ya riga ni isa fadama.
Tsoho Bagudu ya taso da sandarsa,
laka har gwiwa:
"Ɗiyata, an ce na'ura ta nutse.
To sunana fa, ya jiƙe?"
Na dafa abin da ke wuyana.
Na ce, Baba, sunanka a bushe yake.
Ya yi hamdala. Ya juya zai tafi,
sai ya tsaya, ya rage murya:
"Bashin ma?"

Bashin ma, Baba.