Sifana Rabin Inci

Shekara sha ɗaya tana kwance a Barnawa
a gindin mangwaro, tamfol ya rufe ta.
Ja ce, ko in ce a da ja ce.
Kujera biyu tak, ƙasa-ƙasa kamar kunkuru,
rufinta na zane, a naɗe shi in ana son iska.
Baba ya saye ta hannun wani injiniya
tun masaƙun Kakuri na da numfashi,
tun jiniya na riga zakara tashin gari.

Na ɗaga murfin inji.
Ƙadangare ya gyaɗa mini kai, ya ba ni wuri.

Jatau bakanike ya zauna bisa tsohuwar taya,
idonsa ya yi rauni, bakinsa bai yi ba.
"Tara kwano tukuna.
Sassauta tiyon ƙasa, kada ka fizge."
Ruwa ya zubo jajir,
kogin Kaduna a tsakiyar Agusta,
da tsatsa, da laka, da guntun sabulu
wanda Baba ya liƙe yoyo da shi
a hanyar Kachia, wata Lahadi.

Tiyon sama ya ruɓe a hannuna.
Na cire fanka, na rataye fambel a reshe.
Saura noti huɗu.
Sifana goma sha biyu ta yi kaɗan,
goma sha uku tana zamewa.
Jatau ya yi dariya har da tari:
"Wannan ba ta jin milimita, yaro.
Da inci aka haife ta."

Da filaya da baƙin mai da fatar yatsu
na shawo kansu, ɗaya bayan ɗaya.
Na rungumo lagireto, na ɗago shi a hankali
kamar mai ɗaga majinyaci daga gado.

Sai ga ta.
A lungun da ya zauna a kai,
kwance cikin maiƙo da busasshen ganye,
sifana rabin inci,
an karce harafin sunan Baba a wuyanta.

Ina ɗan shekara tara ta ɓace.
Aka ce ni ne. Na ce ba ni ba ne.
Kunnena na hagu bai manta ba.
Har ya koma ga Mahaliccinsa
in ya tashi zolaya, "ɓarawon sifana" yake kirana.

Na daɗe a tsugune.
Jatau bai ce komai ba, ya juya yana neman goronsa.

A Panteka, Barau mai dalma ya hura, ya saurara,
ya ce cikin ya toshe kamar hancin mai mura.
Kwana shida ya saƙa sabon ciki na jan ƙarfe,
ya bar tankin sama na asali,
ya goge tagullar har na ga fuskata,
na ga kuma wadda ta fi tawa tsufa.

Na mai da shi mazauninsa ran Asabar.
Noti huɗu, da sifanar mai ita.
Ta kama su cif, babu gardama.
Sabon tiyo, ruwa mai tsabta,
na bar kumfa ta gama fita kafin in rufe.

Ta yi tari sau uku, ta kama.

Daga Barnawa har Kawo, cikin cunkoson yamma,
idona na kan allurar zafi.
Ta hau tsakiya, ta tsaya nan.
Sifanar na kujerar gefe,
inda nake zama a da,
tana ƙara duk ramin da muka faɗa.