Tukuna

Kwalin ya iso Tawa ranar Talata
a hannun yaron motar Yamai,
ya sha ɗauri kamar ƙafar da aka ɗora.
Barira ta rubuta a gefe da jan bik:
"Baba, kada a buɗe shi cikin rana."
Na ce, ƴar nan ta manta garinsu,
ina ne babu rana a Geben Zogi?

Ciki, leda guda ta baƙar ƙasa
mai farin zare-zare kamar furfura,
da takarda, da hoton abin da zai fito:
doguwar hula, duk ramuka,
kamar saƙar zuma an kifa bisa kara.
Moril sunansa, in ji takarda.
Cima ta leƙo ta kafaɗata,
ta ce, "Laimar kwaɗi ce ta yi boko.
Tumbin akuya ya fi shi kyan gani."

Shekara talatin na yi ina noman albasa a Tamaske.
Na san iri, na san ƙasa da harshena,
amma ban taɓa shuka abin da ba shi da ƙwaya ba,
ba saiwa, ba ganye,
abin da ke gudun haske kamar wanda ake bi bashi.

Takarda ta ce: sanyi, digiri sha biyar.
Na dubi ma'aunin da ke rataye a zaure,
shi ma ya dube ni: arba'in da biyu.
To.
Na janye randar Cima daga gindinta,
inda ƙasa ba ta bushewa,
na tona taƙi ɗaya, na juye, na barbaɗa tokar murhu,
na rufe da jiƙaƙƙen buhun albasa.
Asuba in yayyafa, azahar in yayyafa,
bayan isha'i in ɗaga buhu da tocila
kamar mai duba jinjiri ko yana numfashi.

Jika uku na kashe kan ƙanƙara a wata ɗaya.
In an ɗauke kuran, ni da mahucin kaba
muke yi wa ƙasa fifita.
Nomau maƙwabcina ya tarar da ni haka,
ya yi sallama, ya tsaya, ya juya,
da marece ya aiko a tambayi lafiyata.

Kowace Lahadi, wayar Barira daga Liyon:
"Baba, ya fito?"
"Tukuna."
Daga nan sai hira ta shimfiɗa tabarma:
ruwan can da ke wuni yana zuba ba tsawa,
tsohuwar da take yi wa wanka a asibiti
mai kiranta da sunan wata da ta rasu,
kuɗin haya, takalmin da ya ɓule,
kewar fura da ba ta faɗa sai ta kewaya.
Da, minti biyu ne: lafiya, lafiya, a gai da Inna.
Yanzu sai batir ya gaji.

Sati na tara na ɗaga buhu,
na tarar baƙi sun riga ni.
Gara.
Sun ja hanyoyinsu, sun cinye furfurar tas,
har takardar da na soke a gefe
sun ci hular hoton, sun bar mini karan.
Na zauna bisa turmi ina dariya
har Cima ta fito da ludayi a hannu.
Ta ce, "To, ai wani ya ci moril a gidan nan."

Randa ta koma gindinta.
Da damina ta faɗi, laimar kwaɗi tamu ta gida
ta fito bayan garken awaki, bakwai reras,
ba takarda, ba ƙanƙara, ba wanda ya roƙe ta.
Kaji suka tattake ta kafin hantsi.

Jiya Lahadi.
Waya ta yi ƙara ina gama alwala,
na goge hannu a riga, na ɗauka.
"Baba, ya fito?"
Cima na kallona daga bakin madafa,
ta riƙe haɓa.
Na dubi randa, na dubi damshin da ke ƙarƙashinta,
na ja kujera inuwa, na gyara zama,
na ce, "Tukuna.
Ina labarin tsohuwar nan taki?"